Gilashin da ya ci mini babur

Wai me ya sa tsofaffin gidaje bangonsu ke da kauri, tagarsu kamar ramin ɓera, na yanzu kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama? Ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ku 'yan zamani kunne ɗaya kuke ba mutum.

A da bango ne ke ɗauke da rufi. Je ka Gidan Makama na Kano ka dafa bangon ka ji. Ka cika huda shi, soro ya zauna maka a ka. Da ƙarfe ya shigo, ginshiƙi ya karɓi nauyin, bango ya zama sutura kawai. Turawa sun nuna haka a Landan a 1851 da wani katafaren gini mai suna Crystal Palace, na ƙarfe da gilashi, kuma mai kula da lambu ne ya zana shi, Joseph Paxton. A 1959 kamfanin Pilkington ya fito da dabarar zuba gilashi a kan narkakken kuza, yana fitowa sumul. Jamusawa ma a 1999 suka ɗora wa majalisarsu ta Balin ƙubbar gilashi, talaka ya hau ya leƙo 'yan majalisa.

To, su ƙasar sanyi ce, rana suke nema.

Wani Alhaji ya dawo daga Dubai, ya kira ni aikin saka gilashi, ya ce gaban gidansa kaf gilashi yake so, mai duhu, wanda na waje ba ya ganin na ciki. Na ce, Alhaji, gidan nan yamma yake kallo, kuma wannan gilashin da rana kaɗai yake madubi, in an kunna fitila da dare juyewa yake. Ya ce in yi abin da aka sa ni. Na ci bashin alminiyam, sati uku ina saman tsani rana na gasa ni. Daren tarewa, bayan isha'i, aka tayar da janareta. Mai shayi da 'yan majalisarsa suka zuba ido, ga uwargida tana kwasar tuwo, ko ɗankwali babu. Washegari ya turo direba, wai na tona masa asiri. Shi da bakinsa! Rabin kuɗina ya riƙe har yau, sai da na sayar da babur ɗina na biya mai kaya. Yanzu in na wuce, labule ne mai kauri ya rufe ko'ina, na'urar sanyi uku na ta kuka a bango.

Awon firam kuwa ba sai na koya maka ba. Wanke hannunka kafin ka taɓa mini gilashin nan.