Amsar tambayar Kawu kan bikin sabuwar shekarar Sinawa

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya kasuwa?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa mu mazauna Guangzhou muke kwararowa gida a Janairu da Fabrairu, amma Sallah ta zo a neme mu a rasa, har ana cewa ko bikin Sinawa muka koma yi. Allah ya kiyaye. Kasuwa ce take koro mu.

Da wata suke lissafin shekararsu, sai dai duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata guda, shi ya sa bikin ba ya zagaya rani da damina kamar Sallarmu. Kullum tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu yake faɗowa. A 2025 ranar 29 ga Janairu ya kama, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu. Hutun gwamnati bai wuce mako ɗaya da 'yan kwanaki ba, amma masana'antu ba ruwansu da wannan lissafi. Yawancin masu ɗinka takalman da kake sarowa 'yan ci-rani ne daga Hunan da Sichuan da Guangxi, kuma Basine ko bashi zai ci sai ya je ya ci abincin daren jajibere da iyayensa. Kwana 40 ake yi ana wannan zirga-zirga. Tikitin jirgin ƙasa kwana 15 kafin tafiya ake sakinsa a manhajar 12306, na manyan hanyoyi kuwa kafin ka ƙifta ido ya ƙare.

Injuna kan tsaya tun kafin bikin, ba su komawa daidai sai bayan bikin fitilu na rana ta 15 da shigowar sabuwar shekarar, wani ma'aikacin ma idan ya tafi ya tafi kenan. Ga kuma al'adarsu ta ƙin shiga sabuwar shekara da bashi, don haka duk wanda yake bin ka ko kwabo sai ya dame ka da waya. Ka biya, ka loda kwantenarka, sai zaman me? Yaranmu ma a lokacin suke samun hutun sanyi. Ranar Sallah kuwa makaranta na nan, kasuwa na ci: mu yi Idi a masallacin da ake dangantawa da kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, mu yi gaisuwa, kowa ya koma shagonsa.

Waɗanda ba su tafi ba su ne da aiki. Xiaobei, unguwar da ba ta barci, sai ta yi tsit. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin ƙasar, inda muke samun halal, da yawa a rufe suke, don su ma hutun ne damarsu ta ganin gida. Sai mu sayi nama tun da wuri, mu riƙa haɗuwa gidan wannan yau, gidan wancan gobe, ana tuƙa tuwo. Matanmu kuma kasuwar furanni suke kai yara kallo.

Maganar jan ambulan da ka ji gaskiya ce. Magidanta ne ke ba yara da marasa aure, kamar dai barka da Sallah, kuma a nan Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, kuɗin ba su da yawa. Ni ina ba maigadi da tafinta da yaran da ke mana dako, ina kuma kauce wa adadin da ke da huɗu, don suna camfa shi. Akwai 'yan'uwa da ba sa bayarwa, ba sa karɓa, ban kuma ga laifinsu ba, amma a ganina mutumin da ya shekara yana tsare maka kaya ya cancanci ihsani a ranar farin cikinsa. Inda duk muka haɗu shi ne ba mai ƙona turare a ɗakin bauta, ba mai rusuna wa hoton kakanni, ba mai zama kan teburin giya da alade. 'Yan'uwanmu da suka auri Sinawa su ne a tsaka mai wuya. Wani da tukunyarsa yake tafiya ƙauyen surukai.

Saboda haka Kawu, in kana son kayan Sallah su iso Kwari a kan lokaci, ka riƙa turo oda tun Nuwamba, kafin kuɗin jirgin ruwa ya tashi. A gaida su Inna da yara.