Me Ya Hana A Ƙayyade Wa 'Yan Majalisa Wa'adi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shugaban ƙasa da gwamnoni ba sa wuce wa'adi biyu, amma sai ka ga ɗan majalisa ya shekara ashirin yana riƙe da kujera. Me ya hana a ɗaure su da irin wannan doka? Daga wata mai karanta mujallarmu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya taƙaita wa shugaban ƙasa da gwamnoni wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, bai kuwa yi wa 'yan majalisa iyaka ba, shi ya sa Sanata Ahmad Lawan yake Majalisar Tarayya tun 1999. Hujjar bambancin ita ce mai ikon zartarwa shi kaɗai yake riƙe da baitulmali da jami'an tsaro, alhali sanata ƙuri'a ɗaya gare shi cikin 109.

Masu neman a sa iyaka suna cewa wanda ke kan kujera ya riga ya tara kuɗi da suna da 'yan kanzagi, don haka da wuya sabon shiga ya kayar da shi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A Amurka wasu jihohi sun yi wa wakilansu na tarayya iyaka, amma a 1995 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Arkansas, ta ce sai dai a gyara tsarin mulkin ƙasa baki ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙasashen da suka gwada. Tsarin mulkin Filifin na 1987 ya hana sanata wuce wa'adi biyu a jere, ɗan majalisar wakilai kuma uku, sai manyan gidajen siyasa suka gano dabara: idan wa'adin maigida ya cika, matarsa ko ɗansa ya riƙe masa kujerar har ya dawo. Meksiko kuwa ta haramta wa 'yan majalisa tazarce tun 1933, ta sassauta a 2014, kuma babban ƙorafin da aka yi shi ne wakilin da ya san ba zai sake neman ƙuri'ar talakawa ba, jam'iyyar da za ta sama masa muƙami na gaba yake yi wa biyayya.

Akwai kuma batun ƙwarewa. Bin diddigin kasafin kuɗi da titsiye ministoci a gaban kwamiti aiki ne da ake koya a hankali, idan kuma kullum majalisa cike take da sababbi, manyan ma'aikatan gwamnati da suka daɗe a ofis sai su riƙa juya ta yadda suka ga dama.

A ganina, Malama, damuwarki ta fi alaƙa da zaɓen fid da gwani. Matuƙar gwamna ko uban gidan siyasa ne yake raba tikiti, to ko an ƙayyade wa'adi shi zai kawo magajin, kuma dokar ma sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar da abin ya shafa sun amince, tare da majalisun jihohi 24, kafin ta shiga tsarin mulki.