Me Ya Sa Maganaɗisu Ba Ya Kama Gefen Wayata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi iPhone 13 Pro ta hannu, mai sayarwa ya ce gefenta ƙarfe ne mara tsatsa. Na ɗora maganaɗisu a kai bai kama ba. Shin jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, wannan gwajin ba ya nuna jabu. Ba kowane ƙarfe maganaɗisu yake kamawa ba, kuma dalilin ya samo asali ne daga aikin wani Bajamushe, Eduard Maurer, wanda nake ganin ba a ambaton sunansa yadda ya kamata.

An haifi Maurer a shekarar 1886 a garin Königstein na ƙasar Jamus. A 1909 ya kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin ƙarfe na Krupp da ke birnin Essen, ƙarƙashin Benno Strauss. Su biyun suka yi ta narka ƙarfe suna zuba masa wasu ma'adinai biyu, kuromiyam da nikel, suna gasa shi da zafi iri-iri sannan su sanyaya, har suka dace da haɗin da ruwa da danshi ba sa cin sa. A 1912 kamfanin ya yi rajistar mallakar fasahar, aka sa wa ƙarfen suna V2A. Yau haɗin nan yakan ɗauki kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8.

Ga inda amsarka take. Kuromiyam shi ke haɗuwa da iska ya shimfiɗa wata siririyar fata a saman ƙarfen, ido ba ya ganinta, ita ke hana tsatsa, kuma ko an karce ta sai ta sake ɗinkewa da kanta. Nikel kuwa yana sauya yadda ƙwayoyin ƙarfen suke jeruwa a ciki, wannan jeri shi ne maganaɗisu ba ya iya kamawa. Gefen wayarka daga wannan dangi yake. Wuƙar ɗakin girki tana iya zama mara tsatsa amma maganaɗisu ya kama ta, domin nata haɗin daban ne, irin wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913.

A 1925 Maurer ya zama farfesan narka ƙarfe a makarantar ma'adinai ta Freiberg. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci cibiyar binciken ƙarfe a Hennigsdorf, a Jamus ta Gabas. Ya rasu a 1969.

Tambaya: To Malam, yaya zan gane ta gaske?

Amsa: Ajiye maganaɗisun, domin alminiyam ma ba ya kama shi, roba mai fentin azurfa ma haka. Ka fi dogara da nauyi: ƙarfe mara tsatsa ya kusa ninka alminiyam sau 3 a nauyi, shi ya sa 13 Pro take cika hannu. Gefenta yana sheƙi kamar madubi, yana riƙe shatin yatsa. Sannan ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar, ka kuma sa lambar siriyal a shafin Apple na duba garanti. Idan maganaɗisu ya manne a bayan wayar kada ka ruɗe, zoben maganaɗisu ne mai suna MagSafe da aka saka domin caji tun daga iPhone 12.