Zafin jiki da jiri bayan shan Clomid

'Yar'uwa, kin ce likita ya ɗora ki kan Clomid don neman haihuwa, tun da kika fara kike jin zafi na taso miki, ga kumburin ciki da saurin fushi, kina tambaya ko ki daina. Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba.

Waɗannan duk sanannu ne. Maganin yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka sinadarin estrojin, wanda ke taimakawa wajen tafiyar da al'adar mace, ya yi ƙaranci a jiki, sai ta matsa wa mabuɓɓugar ƙwai ta saki ƙwai. Shi ya sa zafin yake kama da na matan da al'adarsu ke ɗaukewa. Yawanci yana lafawa bayan kin gama kwana 5 na shan ƙwayar.

Amma idan ganinki ya fara dishi-dishi, ko kina ganin walƙiya, ki dakatar da shi ki koma asibiti a ranar. Haka ma idan ciki ya kumbura sosai, ga amai, numfashi na yi miki wuya, fitsari ya ragu. Wannan alama ce mabuɓɓugar ƙwai ta kumbura fiye da kima. An fi ganinsa ga masu karɓar allurar neman haihuwa, amma ba abin wasa ba ne.

Maganin yana kuma ƙara yiwuwar samun tagwaye. Likitoci ba su cika son a wuce wata 6 ana shansa ba, don haka ina roƙonki, kada ki ƙara saya a kemis da kanki idan wanda aka rubuta ya ƙare. Maigida ma a gwada maniyyinsa, idan ba a yi ba.