Amsa ga Hajiya kan ratsa mashigin Panama a ƙaramin jirgin ruwa

Assalamu alaikum. Hajiya, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne don maganar tana da tsawo. Kin ce ke da Alhaji kuna son tafiyar nan ta ruwa da ake ratsa mashigin Panama, an kawo muku zaɓi biyu, ƙaton jirgi mai ɗaukar dubban mutane da ƙarami mai ɗaukar ɗari da 'yan kai. Ƙaramin ya fi tsada, ke kuma jiri da amai kike tsoro. To, ni da maigidana ƙaramin muka shiga, cikin watan Fabrairu, daga Kartahena ta Kolombiya har gaɓar Kosta Rika, kuma da za a sake ba ni zaɓi shi zan sake ɗauka. Amma akwai abin da na so a ce wani ya faɗa mini kafin mu biya kuɗi.

Ki sa su rubuta miki abu biyu baƙi da fari. Shin jirgin zai ratsa mashigin ne daga wannan teku ya fita wancan, ko kuwa leƙawa kawai zai yi? Akwai tafiye-tafiye da yawa masu ɗauke da sunan Panama waɗanda jirgi ke shiga ta ɓangaren Karibiyan, ya hau tafkin Gatun, ya juyo ya fita ta inda ya shiga. Ba laifi ba ne, amma rabin abin kika gani. Na biyun kuma, wanda ya ci mu: da rana za a ratsa ko da dare? Hukumar mashigin ce ke raba lokaci, ba kyaftin ba, kuma ƙananan jirage sau da yawa yamma ko dare ake tura su. Mu an ce mana da safe. Muka tashi tun asuba, muka kama wuri a gaban jirgi da hula da ruwan sha, muka wuni muna kallon jiragen dakon kaya da suka yi sahu a wajen Kolon, garin da ke bakin mashigin ta ɓangaren Karibiyan, suna jiran layi. Sai bayan la'asar aka kira mu. Da na je na yi ƙorafi, sai aka nuna mini wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan takardar da muka sa wa hannu, wai lokaci na iya canjawa. Na haɗiye. Akwai ƙananan jiragen da ke raba ratsawar kwana biyu su kwana a tafkin, idan kin samu irinsu ki kama da hannu biyu.

Duk da haka, sa'o'i biyun da muka samu da hasken rana a Gatun sun biya ni. Bari in ba ki yadda abin yake, don ni kaina kafin in je na ɗauka wani dogon kwarin ruwa ne aka haƙa jirgi ya bi ya wuce, kamar na Suwez. Ba haka ba ne. Hawa ake yi. Tafkin Gatun da ke tsakiya ya fi teku tudu da mita 26, saboda haka sai an ɗaga jirgi sama a wannan gefe, a sauke shi a wancan. Ana yin haka da wasu ɗakunan ruwa na kankare masu ƙofofin ƙarfe, uku a jere a Gatun kamar matakala, kowanne faɗinsa mita 33 da rabi, tsawonsa ya haura mita 300.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne, a wannan zamani, mutum biyu ne suka taho a ɗan kwale-kwale suna tuƙawa da filafili, suka zo gindin jirginmu don a haɗa igiya. Da wannan igiyar ake jawo wayoyin ƙarfe a ɗaura mu da wasu ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu aiki da lantarki da ke tafiya a kan dogo hagu da dama. Mutanen wurin alfadarai suke ce musu. Ba jan jirgin ne aikinsu ba, jirgi da injinsa yake tafiya, su dai suna riƙe shi a tsakiya ne kada ya gogi bango. Aka sa mu ɗaki ɗaya da wani jirgin dakon kaya, shi a gaba mu a baya, in na ɗaga kai sai in ga bayansa ya tsaya mana kamar bene mai hawa shida. Ƙofofi suka rufe a bayanmu a hankali, ba ƙara ba hayaniya. Bangon yana daf da ni, baƙi, jiƙe, da gansakuka, har da alamun inda jirage suka kankare shi shekara da shekaru. Sai ruwa ya fara tafasowa daga ƙasa, yana murɗawa kamar tukunya ta ɗauki zafi. Ba ki jin motsi a jikinki ko kaɗan. Bangon ne kawai za ki ga yana nutsewa, cikin kamar minti 10 sai ga takalman ma'aikacin da ɗazu yake can sama da ke sun zo daidai fuskarki, yana ɗaga miki hannu. Wanda ke hawa na goma sha biyu a ƙaton jirgi daga sama yake hango wannan, kamar mai kallon talabijin. Wannan kusancin shi ne abin da kike saye da ƙarin kuɗin.

Kuma babu famfo ko ɗaya da ke tura ruwan nan. Daga tafki yake gangarowa da nauyinsa ta manyan bututu a cikin bango, kuma duk jirgin da ya ratsa tsofaffin ɗakunan sai ruwan daɗi kusan lita miliyan 200 ya tafi teku. Ruwan sama ke cika tafkin ta kogin Cagres da aka datse. Shi ya sa da aka yi fari a 2023 sai da hukumar ta rage yawan jiragen da ke wucewa a rana. Ƙofofin kuwa su ne dai na 1914, shekarar da aka buɗe mashigin. Akwai sababbin ɗakuna manya da aka buɗe a 2016, Agua Clara da Cocolí, amma na ƙattin jirage ne, kuma a can ƙananan jirage masu ja ke riƙe su, babu alfadarai. Ki lura da wannan, don idan babban jirgin da aka nuna muku yana cikin ƙattin, ta sabuwar hanya zai bi, ba za ku shiga tsofaffin ba.

Magariba ta same mu a tafkin. Tsibiran da za ki gani birjik kawunan tuddai ne da ruwa ya shanye gindinsu. Maigidana ya buɗe taswira a waya yana ta musu da ita, wai ta lalace, don tana nuna muna tafiya kudu maso gabas alhali tekun Fasifik muka nufa. Wayar ce da gaskiya, ƙasar ce a karkace a wurin.

Inda na ji ciwon daren shi ne Kulebra, wurin da aka tsaga dutse tsawon kusan kilomita 13. A nan ne aikin ya fi cin rai. Faransawa suka fara a 1881 ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, mutumin da ya yi Suwez, suka so su haƙa shi daidai da teku ba tare da matakala ba. Zaftarewar ƙasa da cutar shawara da zazzaɓin cizon sauro suka cinye su, mutum kusan 22,000 suka mutu, kamfanin ya karye a 1889. Amurka ta karɓa a 1904, kuma sai da likita William Gorgas ya yi yaƙi da sauro kafin aikin ya tafi. Mafi yawan leburorin baƙaƙen fata ne daga tsibiran Karibiyan, musamman Barbados, jikokinsu na nan a Kolon da birnin Panama. Sai ranar 31 ga Disamba 1999 mashigin ya koma hannun 'yan ƙasar. Duk wannan mai yi mana bayani yana faɗa ta lasifika, mu kuwa fitilu kawai muke gani a gefe da inuwar dutse. Pedro Miguel da Miraflores dai, ɗakunan ruwan ɓangaren Fasifik, a haske suke tar kamar rana, a nan aka sauke mu mataki ɗaya, sannan biyu. Can tsakar dare muka bi ƙarƙashin Gadar Amurka, ga dogayen benayen birnin Panama suna ƙyalli ta hagu. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce kawai, amma takan ci awa 8 zuwa 10, kuma duk tsawon lokacin matuƙin hukumar ne ke da iko da jirgi, kyaftin ɗan kallo ne kusan kamar mu.

Yanzu maganar jiri. Ba zan rufe ki ba, ƙaramin jirgi ya fi jin ruwa. Daren da muka bar Kartahena na ga ta kaina. A watannin rani, Disamba zuwa Maris, iska mai ƙarfi ke kaɗawa a wannan yanki na Karibiyan, kuma lokacin ne ake yawan yin tafiyar saboda babu ruwan sama. Kofuna suna zamewa a tebur, rabin mutane ba su fito cin abincin dare ba, ni ina kwance rungume da bokiti. Laifina ne, sai da zuciya ta fara tashi na sha magani, alhali tun kafin a bar tasha ake sha. Ki ga likitanki ya rubuta miki wanda ya dace da ke, musamman idan kina shan na hawan jini ko na suga. Ki zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawan ƙasa, kada kyan taga ya ja ki gaba ko sama. Citta tana taimakawa, haka fita waje a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Dare ɗaya ne ya wahalar da ni. Cikin mashigi ruwa kwance yake kamar a faranti, kuma a ɓangaren Fasifik yawancin wuraren da muka tsaya a lungu suke.

Wuraren tsayawar nan su ne ɗaya ribar. Kartahena jirage da yawa na zuwa, kuma ta cancanci a isa kwana biyu kafin tashi: ganuwa, katangar San Felipe, da cocin San Pedro Claver, wanda ya yi rayuwarsa yana jinyar bayin da ake saukewa a tashar. Ki fita da sassafe, zafin rana da gumi ba su da kyau. Amma tsibiran Guna Yala, waɗanda ake kira San Blas, sun fi tsaya mini a rai. Sun haura 300, wasu ba su fi fili ɗaya ba, farin yashi da bishiyar kwakwa. Mutanen Guna ke mulkin yankinsu da kansu. Matansu na ɗinka wani zane da ake kira mola, yadi kala-kala a jera a kan juna, a yanka na sama a kalmashe don na ƙasa ya bayyana. Na juya bayan ɗaya na ga ɗinkin hannu sirara kamar rubutu, na daina neman ragi. Kada ki ɗauki hoton kowa sai kin tambaya, galibi akan ba da wani abu, kuma kwakwar da kika gani a ƙasa tana da mai ita. A Kosta Rika kuwa daji ne ya gangaro har bakin ruwa. A Golfo Dulce da asuba wasu birai ke wani irin ruri, na rantse na ɗauka zaki ne. Jajayen aku manya suna wucewa biyu-biyu. A gandun Manuel Antonio wani ɗan biri mai farar fuska ya zuge jakar wata mata a gabanmu kamar wanda ya ajiye kaya a ciki.

Sai dai ki duba lafiyar gwiwar Alhaji. Yawancin wuraren nan babu tasha, jirgi kan tsaya nesa ne a sauke ku a kwale-kwalen roba mai inji, a bakin gaɓa kuma ki zuro ƙafa cikin ruwa har ƙauri. Ma'aikata na riƙe mutum da kyau, na ga tsofaffi masu sanda sun yi, amma idan hawa da sauka na ba shi wuya sosai, ko yana buƙatar asibiti kusa, babban jirgi ya fi muku. Wasu ƙananan ma ba su da lif. Ɗakuna matsattsu ne, babu kantuna babu wasanni, bayan abincin dare sai lacca kan tsuntsaye sai barci, intanet kuma sai ta ga dama. Ni hakan ya yi mini. Kwana biyu kacal mai dafa abinci ya san ba ma cin naman alade, har yakan fito da kansa ya nuna mana abin da aka sa wa giya.

Takardu ki fara su da wuri, don ƙasa uku ce kuma kowacce da dokarta ta biza. Kada ki dogara da bakin dillali, ki tambayi ofishin jakadancin kowacce. Idan jirgin samanku zai yada zango a Amurka, ko awa biyu ne sai da bizarta. Ku tafi da katin rigakafin shawara, Kosta Rika na iya nemansa ga wanda ya fito daga ƙasar da ake da cutar. Tikitin sama kuma ba na je-ka-dawo ba ne, tunda a wata ƙasa za ku shiga jirgi a wata ku sauka, ki sa wannan a lissafi tare da inshora da kuɗin ihsanin ma'aikata. A Panama dalar Amurka ake kashewa, kuɗinsu balboa daidai yake da ita. Ki riƙe 'yan ɗaya-ɗaya da biyar-biyar masu yawa, a tsibiran ba mai canjin hamsin.

Idan kun samu amsar tambayoyin nan biyu a rubuce, ki turo sunayen wuraren da jirgin zai tsaya a nan, in duba miki. Ki gaishe da Alhaji.