GitHub ko Gerrit don duba gyaran manhaja?

Ɗan'uwa, ka ce manhajarku buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya ganin lambobinta ya kawo gyara, kuna neman inda za ku riƙa duba gyaran juna kafin a haɗe shi.

In ba ku da yawa, ku tsaya a GitHub ko GitLab, shafukan ajiye lambobin manhaja da duba gyara, tunda baƙon da zai kawo gyara ya riga ya saba da su. Gerrit, wanda Android da LibreOffice ke amfani da shi, gwani ne wajen nuna abin da ya canja tsakanin zubin farko da na biyu, sai dai sabon shiga yakan rikice a kan Change-Id, wato lambar shaidar da ake liƙa wa kowane gyara. Phabricator kuwa, wani dandalin duba gyaran, kada ku soma, kamfaninsa ya daina kula da shi tun 2021.

Ku gwada da doguwar gyara ta gaske tukuna. In za ku kafa uwar garke (server), wato kwamfutar da za ta ɗauki dandalin, da kanku, ku nemi masanin tsaronta.