Tambayi Malam: "Drop" ko "alight", wanne ne sauka daga mota?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a aji shida na sakandare a Zariya. A wani rubutun jarrabawar gwaji na sa "I dropped at Kwangila", sai malaminmu ya ja masa jan biro ya rubuta "alighted". To ai kullum "drop" muke ji a mota. Mene ne laifinsa, kuma me "alight" ke nufi?

Amsa: 'Yata, malaminki ya yi miki gata. "Drop" da ma'anar sauka Turancinmu ne na Najeriya, kowane kwandasta zai gane ki. Amma a Turancin da WAEC da NECO ke dubawa, direba ne ke yin "drop", shi ke sauke fasinja. Kina iya ce masa "drop me at Kwangila", wannan daidai ne. In kika ce "I dropped" kuwa, mai duba takarda zai iya ɗauka faɗowa kika yi.

Ita "alight" tsohuwar kalma ce, ta kai shekara 1,000 a Turanci. Tushenta "light" ne mai nufin mara nauyi: mahayi in ya sauka, doki ya samu sauƙi. Daga doki ta koma keken doki, ta koma jirgin ƙasa da bas.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, Hausarki ta riga ta koya miki yadda kalmar ke aiki. Muna cewa mutum ya sauka daga mota, kuma muna cewa kurciya ta sauka a kan reshe. Kalma ɗaya ce, ƙaramar kalmar da ke bin ta ce ke raba ma'ana. Haka "alight from" yake sauka daga abin hawa, "alight on" kuma sauka a kan abu, irin ta tsuntsu ko malam-buɗe-littafi. Har idonki ma zai iya "alight on" wani suna a jerin sunaye, wato ya faɗa kansa ba da nema ba. Shekaru ina koyar da wannan a aji, duk ranar da na fara da kurciyar nan ba na maimaitawa.

Ki kula, akwai wata "alight" daban mai nufin abu yana ci da wuta, kamar "the market was set alight", an cinna wa kasuwa wuta. Rubutunsu ɗaya, asalinsu daban.

Sai dai kada ki ɗauki "alighted" ki shiga kasuwa da ita. Kalmar rubutu ce da sanarwa. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan za ki ji ana cewa "alight here for the museums" in an iso tashar South Kensington. A hira, Bature "get off" yake cewa ga bas, jirgi, keke da babur, "get out of" kuma ga ƙaramar mota da tasi. Doki yana da tasa, "dismount", jirgin ruwa da na sama kuma "disembark" in ana son a yi tsari.

A takardarki ki rubuta "I alighted at Kwangila" ko "I got off at Kwangila", duka biyun za su ci maki. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.